Lissafin da ke zuwa da labari: ina tushen murabba'i yake ɓuya?

Ka rubuta √196 a allo ka tambayi 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, kafin ka ajiye alli hannaye sun tashi: 14. Goge allon ka rubuta musu wannan: “Wani mutum yana da lambu mai kusurwa huɗu, kowane gefe tsawonsa ɗaya da sauran. Girman lambun murabba'in mita 196 ne. Wayar shinge mita nawa zai saya ya kewaye shi?” Sai aji ya yi tsit. Can wani ya ce 98, don ya raba 196 gida biyu. Wani ya ce 49, don ya ji an ce gefe huɗu ne. Mai ƙoƙarin cikinsu ya ce 14 ya koma ya zauna yana murmushi, alhali shi ma da saura, domin 14 tsawon gefe ɗaya ne kawai. Kewaye aka tambaya, wato 14 sau 4, mita 56.

Lambar ba ta canza ba, yaran ma su ne dai. Da farko an nuna musu alamar ƙiri-ƙiri, daga baya aka cusa ta cikin labari aka ce su nemo ta, kuma a nan gizo yake saƙar. Cire tushen murabba'i, wanda ɗalibai suka fi sani da sukwaya rut, aiki ne da ƙaramar kalkuleta take yi cikin ƙiftawar ido. Abin da ba ta iyawa shi ne ta karanta labarin mai lambu ta gane cewa akwai lambar da aka ninka da kanta a ciki. A ganina wannan ganewar ita ce mafi yawan aikin, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Za a shafe makonni ana haddar 11 sau 11 har zuwa 20 sau 20, wanda ba laifi ba ne, amma da an zo kan tambayoyin labari sai a yi misali biyu a wuce gaba.

Ga kuma harshe. Ɗan Kano ko Sakkwato da Turanci zai gamu da tambayar a jarrabawar BECE, daga baya a WAEC ko NECO. Ɗan Damagaram ko Maraɗi da Faransanci zai gamu da ita a BEPC. Sau da yawa lissafin bai kayar da yaro ba, hoton abin da ake faɗa ne bai shiga kansa ba. Shi ya sa kafin ya taɓa biro yana da kyau a sa shi ya rufe littafin ya ba da labarin da Hausa, da bakinsa, sannan ya zana shi ko da zanen ya karkace. Yaron da ya iya cewa “lambu ne, gefensa duk ɗaya, an gaya mini girmansa, ana so in faɗi tsawon wayar da za ta zagaye shi” da wuya ya je yana raba 196 gida biyu.

Shi tushen murabba'i amsar tambaya ɗaya ce tak: wace lamba ce aka ninka da kanta ta ba da wannan? 14 sau 14 ya ba da 196, don haka tushen 196 shi ne 14. Inda yara suke ɗauko ruɗanin rabawa biyu kuwa, sau da yawa daga misalin farko ne da aka ba su. Malami ya ce tushen 4 shi ne 2, kuma gaskiya ne, sai dai rabin 4 ma 2 ne. Yaro ya riƙe wanda ya fi masa sauƙi. Ƙaramar 2 ɗin nan da ake ɗorawa a saman lamba, kamar a 14², ita ma tana ƙara masa tabbacin cewa “sau biyu” ake nufi. Da za a riƙa farawa da 9 ko 25 ko 36 a bar 4 sai daga baya, da an rage wannan wahala sosai.

To tambayar da ya kamata ɗalibi ya shiga kowane labari da ita ke nan: me aka ninka da kansa a nan?

Wani lokaci a fili yake. “An kawo dashen itatuwa 1,764. Ana so a dasa su layi-layi, yawan layukan daidai da yawan itatuwan da ke kowane layi. Layi nawa za a yi?” Kalmar da ta tona asirin tambayar ita ce “daidai da”. Layuka sau itatuwan kowane layi shi ne jimilla, kuma an ce lambobin biyu ɗaya ne, ashe lamba ɗaya ce aka ninka da kanta. Haka tambayar take ko da an sauya mata riga: sojoji a filin fareti, kujeru a ɗakin taro, ko 'yan aji da kowannensu ya ba da gudummawar naira daidai da yawan 'yan ajin.

Kuma ba sai da kalkuleta za a samo amsar ba. 40 sau 40 shi ne 1,600, 50 sau 50 kuma 2,500, don haka lambar tana tsakanin 40 da 50. Duba ƙarshen 1,764: da 4 ya ƙare. Lambar da za a ninka da kanta ta ƙare da 4 dole ita kanta ta ƙare da 2 ko 8, saura ke nan 42 ko 48. Tun da 1,764 ya fi kusa da 1,600, sai a gwada 42. 42 sau 42 ya ba da 1,764 cif. Wannan dubarar tana da wani amfani na gefe: lambar da aka samu ta hanyar ninka cikakkiyar lamba da kanta ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Duk wadda ta ƙare da ɗayan waɗannan, ka san tushenta ba zai fito cif-cif ba tun kafin ka fara.

Yanzu a ce dashen 1,800 ne. Kalkuleta za ta ce 42.43. Yaron da ya rubuta “layi 42.43” ya manta cewa itatuwa ake magana a kai, kuma ba a dasa ɗigo huɗu na layi. Labarin ne zai faɗi abin da za a yi da wannan ɓurɓushin. In an tambayi nawa za su yi saura, sai a tsaya a 42, a ɗebe 1,764 daga 1,800, saura 36. In an tambayi nawa za a ƙaro don kada ko ɗaya ya yi saura, sai a hau zuwa 43, wanda ninkinsa 1,849 ne, a ƙaro 49. Tushe ɗaya, amsa biyu daban, kuma babu wata ƙa'idar “in bai kai ɗigo biyar ba a sauka” da za ta raba maka gardama.

Mataki na gaba shi ne inda lambar da aka ninka da kanta ba ita kaɗai take tsaye ba, an haɗa ta da wani abu. “Tsawon wani fili ya ninka faɗinsa sau uku. Girmansa murabba'in mita 1,200 ne. Nemo faɗi da tsawo.” Mai gaggawa yana ganin girman fili sai ya danna √1,200, ya samu 34.6, ya rasa inda zai kai ta. Filin ai ba mai gefe ɗaya ba ne, wato tsawonsa da faɗinsa ba daidai suke ba. Amma in ka zana shi, za ka ga ana iya yanka shi gida uku, kowane yanki faɗinsa da tsawonsa ɗaya. Kowane yanki ya tashi da 400. Yanzu ne tushe zai shigo: faɗi mita 20, tsawo mita 60. A rubuce, in faɗi shi ne x, to 3x² = 1,200, sai x² = 400, sai x = 20.

Dalilin da ya sa rabawa ta riga cire tushe shi ne ana warware lissafin ne da baya-da-baya. An fara ninka faɗi da kansa, sannan aka ninka abin da aka samu sau uku. Kamar lodin mota ne, buhun da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Ba a cire tushe sai an sauke duk abin da aka ɗora wa x² ta tsaya ita kaɗai a gefe ɗaya na alamar daidai.

Akuyar da aka ɗaure a turke ma haka take. Ta cinye ciyawar da bakinta ya kai ko ta ina, sai ga da'ira a ƙasa mai girman murabba'in mita 154. Igiyar mita nawa ce? Babu kusurwa huɗu ko ɗaya a wannan labarin, amma girman da'ira ana samunsa ne ta ninka igiya da igiya, sannan a ninka da 22/7. Sai a sauke 22/7 ɗin tukuna: 154 sau 7, a raba da 22, ya ba da 49. Tushen 49 shi ne 7. Igiyar mita 7 ce. Masu shirya jarrabawa kan so su ce a faɗi faɗin da'irar daga baki zuwa baki, wanda shi ne 14, sai yaro ya tsaya a 7 ya yi asarar makin ƙarshe bayan ya gama duk mai wuyar.

Ga wani abu da manya ma suke faɗawa a ciki, ba yara kaɗai ba. Mai akuya yana so ta samu ciyawa ninki biyu na wadda take samu, sai ya ninka tsawon igiyar zuwa mita 14. Abin da ya ba ta ninki huɗu ne, murabba'in mita 616. Don a ninka girma sau biyu, tsawo ana ninka shi ne da tushen 2, wato kimanin 1.414, igiyar ta koma kusan mita 9.9. Haka a awon ƙasa: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, mita 100 kowane gefe. Wanda ya auna mita 50 kowane gefe ya ce rabin hekta ne, kwata ya auna, 2,500. Rabin hekta mai gefe ɗaya kusan mita 70.7 ne kowane gefe. Wanda ya taɓa cinikin fuloti ya san mai ƙafa 100 da 100 yana ɗaukar masu ƙafa 50 da 50 har guda huɗu. Kai, ko a shagon fotokwafi wannan tushen yana nan. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, kuma in ka raba 297 da 210 za ka samu 1.414. Shi ya sa in za a faɗaɗa A4 ta koma A3, wadda ta ninka ta girma sau biyu, injin yake nuna kashi 141, in za a rage kuma ya nuna 71.

Inda tushen murabba'i ya fi yawan fitowa a jarrabawa, kuma inda aka fi zubar da maki, shi ne ƙa'idar Fitagoras. A alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya irin ta kusurwar ɗaki, in ka ninka kowane ɗaya daga gajerun gefuna biyu da kansa ka tara, za ka samu ninkin dogon gefen da kansa. Magina sun san wannan ko da ba su san sunan ba. Je ka tsaya inda ake fitar da harsashin ɗaki mai ƙafa 12 da 16. An kafa turaku huɗu, an ja igiya. Kafin a sa diga, magini zai sa yaronsa ya riƙe bakin tef a turke ɗaya, shi kuma ya ja shi ya ratsa tsakiyar ɗakin zuwa turken da ke can ƙetare. In tef ya nuna ƙafa 20, sai ya auna ɗaya ƙetaren. In nan ma 20 ne, a fara haƙa. In ya nuna 20 da 'yan inci, sai ka ga ya tuge turke ya gusa da shi kaɗan ya sake aunawa. Wannan 20 ɗin daga 144 da 256 ta fito, jimilla 400.

A takardar jarrabawa sai a mayar da shi tafiya. “Wani ya yi tafiyar kilomita 9 gabas, sannan ya juya arewa ya yi kilomita 12. Nisansa nawa daga inda ya tashi?” Ba a ambaci alwatika ba, amma gabas da arewa kusurwa miƙaƙƙiya suke yi. 81 da 144 sun ba da 225, tushensa 15. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne yaro ya cire tushen kowace lamba daban sannan ya tara: tushen 81 shi ne 9, na 144 shi ne 12, jimilla 21. Ka lura da 21 ɗin nan da kyau. Ita ce dai tsawon hanyar da mutumin ya taka da ƙafarsa, 9 da 12. Yaron ya sha wahalar ninkawa da cire tushe ya dawo inda ya fara. In aka nuna masa haka a zane, aka tambaye shi ko yanke ta cikin gona zai yi tsawo ɗaya da zagayawa ta titi, yana ganewa nan take, kuma wannan ya fi a ce masa ya haddace cewa tushe ba ya rabuwa a kan tarawa. Yana rabuwa a kan ninkawa, shi ya sa tushen 400 yake daidai da tushen 4 sau tushen 100, amma a tarawa sai an gama tarawar tukuna.

Kalkuleta ma tana da nata tarkon a nan. Wanda ya danna alamar tushe, ya danna 81, ya danna tarawa, ya danna 144 ba tare da baka biyu ba, wasu kalkuletoci 153 za su ba shi. Mutum ya yi tafiyar kilomita 21 a ce ya yi nisan kilomita 153 daga gida! Amma za ka ga an rubuta an ja layi biyu a ƙarƙashi, saboda na'ura ce ta faɗa.

Sai tsani. Tsawonsa mita 6.5, an jingina shi da bango, gindinsa yana nesa da bangon da mita 2.5. Ina ya kai a jikin bango? Yaron da ya saba tarawa zai tara 42.25 da 6.25, ya cire tushe, ya samu kusan mita 7. Tsanin mita 6.5 ya kai tsayin mita 7, ai ko a mafarki. Tsanin shi ne dogon gefen, saboda shi ne yake fuskantar kusurwar da bango ya yi da ƙasa, don haka ɗebewa za a yi: 42.25 a cire 6.25, saura 36, tsayi mita 6. Kafin a tara ko a ɗebe, a fara nuna dogon gefen da yatsa a zane. In shi ake nema, tarawa. In an riga an ba da shi, ɗebewa. Kuma a nan ma labari ne yake hukunci a kan ɓurɓushi: wayar da za ta ɗaure kan sandar eriya mai mita 8 zuwa turke mai nisan mita 5 tsawonta tushen 89 ne, kusan 9.43, kuma in mai shago mita-mita yake sayarwa, 10 za a saya. Wanda ya sayo 9 zai sake komawa kasuwa.

Tushen 89 ya kawo mu ga lambobin da ba sa fitowa cif, waɗanda su ne mafiya yawa a rayuwa ko da a littafin makaranta an fi zaɓo masu daɗi. Akwai tsohuwar hanya mai sauƙi da nake ganin ya kamata kowane ɗalibi ya iya. Heron na Iskandariya ya rubuta ta a ƙarni na farko miladiyya, da misalin 720. Ka yi hasashe na kusa, 27, domin 27 sau 27 shi ne 729. Ka raba 720 da 27, ka samu 26 da biyu bisa uku. Hasashenka ya ɗan yi sama, abin da rabawa ta bayar ya ɗan yi ƙasa, gaskiyar tana tsakani. Sai ka tara su ka raba biyu, ka samu 26 da biyar bisa shida. In ka ninka wannan da kansa, 720 ne da ɗaya bisa 36, wato kuskuren bai taka kara ya karya ba. Gwada da eka ɗaya, mai kimanin murabba'in mita 4,047. Hasashe 64. Rabawa ta ba da 63.23. Tsakiyarsu 63.6, kuma shi ne tsawon gefen eka mai gefe ɗaya. Zagaye ɗaya ya isa yawancin tambayoyi, in ana son ƙarin daidaito a maimaita da sabuwar lambar. Mutanen zamanin da sun yi nisa a wannan fanni ƙwarai. Akwai wani ɗan allon yumɓu na Babila da ke ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka, wanda aka rubuta tsakanin shekara ta 1800 da 1600 kafin miladiyya, ɗauke da zanen murabba'i da tushen 2 daidai har zuwa 1.41421.

Lambobi masu ɗigo ba sa bukatar dogon bayani, sai dai a yi hattara. Tushen 0.9 ba 0.3 ba ne, domin 0.3 sau 0.3 shi ne 0.09, amsar tana kusa da 0.95. Tushen 0.25 kuma 0.5 ne, ya fi lambar da aka ciro shi daga gare ta girma, abin da yakan ba yara mamaki. Ma'auni ma haka: ɗaki mai gefe ɗaya mai murabba'in mita 20.25 gefensa mita 4.5 ne, wato santimita 450, kuma tayil mai santimita 50 zai jeru 9 a layi, 81 a ɗakin duka. A fara cire tushe a samu tsawo, sannan a juya mita zuwa santimita, ya fi sauƙi. Wanda ya juya tun a girman fili yakan ninka da 100 a maimakon 10,000.

Waɗanda suka fi ɓuya su ne tambayoyin da babu fili, babu bango, babu abin zanawa. “Farashin wani kaya ya tashi daga naira 40,000 zuwa 57,600 cikin shekara biyu, kuma kashi iri ɗaya yake ƙaruwa da shi kowace shekara. Kashi nawa ne?” Ƙarin duka kashi 44 ne cikin ɗari, sai hankali ya ce a raba biyu, 22. Gwada ka gani: 40,000 da ƙarin kashi 22 ya zama 48,800, a sake ƙara kashi 22 ya zama 59,536. Ya zarce. Dalili shi ne ƙarin shekara ta biyu a kan sabon farashi yake hawa. An ninka farashin da wata lamba, an sake ninka shi da ita, ga lambar da aka ninka da kanta ta fito. 57,600 a raba da 40,000 ya ba da 1.44, tushensa 1.2, ƙarin kashi 20 ne: 48,000 a shekarar farko, 57,600 a ta biyu. Haka dutsen da aka saki a rijiya a darasin fiziks, inda nisan faɗuwa a mita yake kusan 5 sau daƙiƙa sau daƙiƙa. Rijiya mai zurfin mita 20, daƙiƙa 2. Mai mita 45, daƙiƙa 3. Zurfin ya fi ninki biyu, lokacin ya ƙaru da rabi kawai.

Akwai maganar da ake koya wa yara a matsayin doka, wai a jefar da amsa mai alamar ɗebewa. Gaskiya ne 7 sau 7 da −7 sau −7 duk 49 suke bayarwa, kuma igiyar akuya ba ta zama mita −7. Amma jefarwar tana da lokacinta. “Yaro yana da shekara 10. In aka ninka bambancin shekarunsa da na 'yar'uwarsa da kansa, za a samu 16. Shekarunta nawa?” Bambancin 4 ne, ko sama ko ƙasa, wato (x − 10)² = 16, kuma x − 10 yana iya zama 4 ko −4. Shekarunta 14 ko 6, duka biyun masu yiwuwa ne. Wanda ya yi saurin jefar da −4 ya jefar da ƙanwa. In tambayar ta ce yayarsa, 14. In ta ce ƙanwarsa, 6. In 'yar'uwa kawai ta ce, a rubuta duka biyun. A ɗauki tushen biyu a kai su har ƙarshen lissafi, sannan a koma labari a ga wanda ya zauna.

Ɗalibai kan ɗauka cewa tambayoyin labari wani ƙari ne da aka ƙirƙiro don a wahalar da su, ainihin lissafi kuwa shi ne alamomi. Tarihi ya nuna akasin haka. Alamar √ ba ta bayyana a littafin da aka buga ba sai a 1525, a aikin wani Bajamushe, Christoph Rudolff. Shekaru kusan 700 kafin nan, wajen shekara ta 820, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljebra a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, kuma da zance ya rubuta shi daga farko har ƙarshe, da babi a kan ciniki, da awon ƙasa, da wasiyya da gado. Shahararren misalinsa shi ne lamba da aka ninka da kanta, aka ƙara mata ninkinta goma, jimilla ta zama 39. Ya ce a raba 10 biyu a samu 5, a ninka 5 da kanta a samu 25, a tara da 39 a samu 64, a cire tushe a samu 8, a ɗebe 5, saura 3.

Abin yana kama da siddabaru sai an mayar da shi fili. A ce tsawon lambu ya fi faɗinsa da mita 10, girmansa kuma murabba'in mita 375. Ba za a iya cire tushen 375 kai tsaye ba, don gefunan ba ɗaya ba ne, kuma ba za a iya yanka shi gida-gida daidai kamar filin 1,200 ba. Zana shi. Yanke ɓangaren da faɗinsa da tsawonsa suke ɗaya, saura wani zirin fili mai faɗin mita 10. Tsaga zirin nan biyu, mita 5 kowanne. Bar ɗaya a inda yake, ɗauke ɗayan ka manna shi a ƙasan babban ɓangaren. Yanzu abin da ke gabanka ya kusa zama murabba'i cikakke, sai dai akwai giɓi a kusurwa ɗaya, mai mita 5 da 5. Ciko giɓin da aron 25, girman ya zama 400. Tushensa 20, shi ne gefen sabon murabba'in, wanda ya ƙunshi faɗin lambu da ƙarin 5. Faɗi mita 15 ke nan, tsawo 25, kuma 15 sau 25 ya ba da 375.

Doguwar ƙa'idar nan da 'yan babbar sakandare suke haddacewa, mai b² − 4ac a ƙarƙashin alamar tushe, wannan yanka da mannawar ce aka yi sau ɗaya da haruffa don kada a riƙa maimaitawa. Sa lambobin lambun a ciki, daga x² + 10x − 375 = 0: 100 da 1,500 sun ba da 1,600, tushensa 40. A ɗebe 10 daga 40 a raba biyu, 15. Ɗaya amsar −25 ce, wadda ba ta zama faɗin lambu, don haka a rubuta dalilin barin ta a layi ɗaya, sannan a rubuta faɗi mita 15, tsawo mita 25, tare da ma'aunin.